Sabar tana maƙalewa duk lokacin da aka ce ta sake tashi, daga ina zan fara bincike?

dan_fagge

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimako a kan wata sabar. Ubuntu Server 22.04 ce a kanta, RAM 64GB, tana ɗauke da MariaDB da kwantenoni shida na Docker. Akwai kuma folda /mnt/ajiya da ake jonawa ta NFS (hanyar buɗe foldar wani inji ta netwok) daga wata NAS (na'urar ajiya ta netwok) da ke wani ofishin, can ake zuba bakof kowane dare.

In aka ba ta `sudo reboot`, SSH ya yanke nan take, amma ba ta dawowa da wuri. A allonta ana ganin "A stop job is running for /mnt/ajiya", lissafi na tafiya zuwa 1min 30s, in ya cika sai wa'adin ya ƙaru ya koma 3min. Bayan nan wani lokacin ta tashi, wani lokacin allon ya yi baƙi, fanka na ta juyawa, sai an danne maɓallin wuta. Abin da ya ɗaure min kai shi ne ba kullum take yi ba. Wata rana cikin minti ɗaya ta mutu ta tashi lafiya lau, ba tare da an taɓa komai ba.

Malam_tty

Wa alaikumus salam. Kafin kowa ya ba ka magani, kawo mana abin da sabar ta rubuta da kanta. Buga `journalctl --list-boots` ka ga jerin tashin da ta yi. Ubuntu na ajiye log na baya tunda /var/log/journal na nan tun daga girkawa. Sai `journalctl -b -1 -n 200 --no-pager`, layuka 200 na ƙarshe kafin ta mutu ke nan, amma ka zaɓi ranar da ta maƙale, in ba jiya ba ce ka canza -1 zuwa -2 ko -3. Haɗa mana da layin NFS ɗin da ke /etc/fstab, fayil ɗin da ke lissafa foldojin da ake jonawa. Kuma tunda NAS ɗin a wani ofishi take, ta wace hanya sabar ke isa gare ta?

Sadiq_Cloud

Wannan ai tsohon abu ne. Buɗe /etc/systemd/system.conf, cire # daga gaban DefaultTimeoutStopSec ka mai da shi 10s maimakon 90s, sannan `systemctl daemon-reexec`. Ba za ta ƙara ɓata maka lokaci ba.

Hajiya_root

Sadiq, ka bar jaki kana dukan taiki. Wa'adin nan shi ne tazarar da systemd, shirin da ke tadawa da tsayar da sabis, ke bayarwa tsakanin SIGTERM (siginar neman a rufe) da SIGKILL (siginar kashewa da ƙarfi). Ka mai da shi daƙiƙa 10, duk sabis ɗin da ba shi da wa'adin kansa za a kashe shi yana tsakiyar rubutu. MariaDB za ta tsira don fayil ɗinta na ɗauke da nata, yawanci daƙiƙa 900, ana ganinsa da `systemctl show mariadb -p TimeoutStopUSec`. Amma sabis ɗin da aka rubuta da hannu fa, ko rsync da ke tsakiyar kwafi?

Sannan ma ba zai taɓa matsalar dan_fagge ba. Abin da ke jira a allonsa ba sabis ba ne, folda ce da ake son saukewa, kuma wa'adin saukewa daga TimeoutSec na sashen Mount yake zuwa, wanda shi kuma daga DefaultTimeoutStartSec yake gadon ƙimarsa. Ka ga an rage wa kowa lokaci, an bar wanda ake nufi yadda yake.

Sadiq_Cloud

To Fedora ai sun rage nasu zuwa daƙiƙa 45 tun fitowa ta 38, kuma duniya ba ta tashi ba.

Hajiya_root

45 daban, 10 daban, ƙanena. Kuma ko su ba don gyara NFS suka yi ba.

dan_fagge

Malam_tty, ta VPN na WireGuard take isa, ramin nata sunansa wg0, da wg-quick@wg0 ake tada shi. Ga layin fstab:

`10.8.0.1:/bakof /mnt/ajiya nfs defaults 0 0`

A log na ranar da ta maƙale, layin da ke cewa an tsayar da WireGuard na wg0 shi ya fara zuwa, a daƙiƙa ɗaya da "Unmounting /mnt/ajiya". Bayan daƙiƙa 90 sai "Unmounting timed out. Terminating." Can gaba kenel ta rubuta "nfs: server 10.8.0.1 not responding, still trying", sai kuma "Mount process still around after SIGKILL. Ignoring." A ranar da ta wuce lafiya, "Unmounted /mnt/ajiya" ne ya riga na WireGuard.

BabanAmira

Ƙara _netdev da intr a wurin defaults. Shi ne zai sa ta san folda ce ta netwok.

Injiniya_Damagaram

BabanAmira, duka biyun ba za su canza komai ba a nan. systemd na gane nfs da nfs4 da cifs a matsayin na netwok daga sunan nau'in kawai. Inda ake buƙatar _netdev shi ne faifan da ke da ext4 ko xfs amma a bayan iSCSI yake, don daga suna ba za a gane ba. Shi kuwa intr kenel ta daina kula shi tun 2.6.25, ana karɓarsa ne kawai don kada tsoffin fstab su lalace.

dan_fagge, amsarka na cikin layuka biyun da ka kwatanta. systemd na kashe abubuwa ne da akasin tsarin da ta tada su. In A na da After=B, to wajen tashi B ne farko, wajen mutuwa A ne farko. Abubuwa biyun da babu After ko Before a tsakaninsu kuwa, a lokaci guda ake tsayar da su. Foldarka an jera ta bayan network-online.target. Shi ma wg-quick@wg0 an jera shi bayan network-online.target. Amma tsakanin su biyun babu komai, don systemd ba ta da hanyar sanin cewa 10.8.0.1 ta cikin ramin ake isa gare shi. Saboda haka tsere suke yi. Ranar da babu abin da ya rage a tura wa NAS, umount na gamawa cikin ƙiftawar ido kafin ramin ya rufe. Ranar da akwai bayanan da ke RAM ba a kai su ba tukuna, ramin ya riga shi, sai umount ya zauna jiran amsar da ba za ta zo ba.

Dalilin da ya sa ko SIGKILL bai ɗauke shi ba: defaults a NFS na nufin hard, wato a yi ta maimaita buƙata har abada. A kan TCP timeo=600 ne, daƙiƙa 60 ke nan tunda da kashi goma na daƙiƙa ake lissafinsa, retrans kuma 2. In waɗannan suka ƙare kenel ba ta haƙura, wancan layin na "still trying" kawai take rubutawa ta ci gaba. Aikin da ke jiran a gama zuba bayanai yana shiga yanayin D, wato jiran da ba a iya katsewa, kuma a nan sigina ba ta isa gare shi.

Gyaran layi ɗaya ne:

`10.8.0.1:/bakof /mnt/ajiya nfs defaults,x-systemd.requires=wg-quick@wg0.service 0 0`

Sai `systemctl daemon-reload`, sannan ka tabbatar da `systemctl show mnt-ajiya.mount -p After`. In ka ga wg-quick@wg0.service a jerin, to an ɗaure su.

Ummi_dev

Injiniya, ni x-systemd.after zan zaɓa a nan, ba requires ba. requires na sa abu biyu, After da Requires, kuma Requires na nufin duk ranar da aka yi `systemctl restart wg-quick@wg0` don a ƙara wani a ramin, foldar ma za a sauke ta. In bakof na gudana a lokacin, ko dai saukewar ta gaza da "target is busy" ko a ja duk abin da ya dogara da foldar a tsayar. after tsari kawai yake sa wa, kuma tsarin ne ya ɓace.

Injiniya_Damagaram

Haka ne, amma duba ɗaya gefen. Da after kaɗai, in wani ya tsayar da ramin da hannu, foldar na nan a jone babu hanya, duk wanda ya buga `df` ko `ls /mnt` zai sandare. Da requires ana sauke ta kafin ramin ya rufe. Ƙara mutum a ramin kuma ba ya buƙatar a kashe sabis, `wg syncconf` na yin sa ramin na raye. Kowanne ya zaɓa dai tseren ya ƙare.

kwantena_kano

Kada a manta da Docker. dan_fagge, akwai kwantenar da aka ba /mnt/ajiya a matsayin folda? Duba da `docker inspect` ko ka buga `fuser -vm /mnt/ajiya` ka ga masu riƙe da ita. In akwai, tsere na biyu ke nan, tsakanin Docker da saukewar. Yi `systemctl edit docker.service`, a ƙarƙashin sashen Unit ka sa `RequiresMountsFor=/mnt/ajiya`. Da haka wajen mutuwa Docker ce farko, sai folda, sai rami, sai katin netwok.

Illarsa ɗaya: ranar da NAS ba ta nan lokacin tashi, Docker ma ba za ta tashi ba, har da kwantenonin da ba ruwansu da foldar. In ba ka son haka, sa `After=mnt-ajiya.mount` kawai. Ka kuma leƙa /etc/docker/daemon.json. In live-restore na kunne, Docker na fita ta bar kwantenoni a raye, tsarin da ka sa mata bai shafe su ba ke nan.

Garba_ICT

Ku yi haƙuri in shigo da tawa, kusan iri ɗaya ce. Tawa Debian ce, in na ba ta `halt` sai ta rubuta "System halted" ta tsaya nan, wuta ba ta ɗaukewa, fanka na juyawa.

Malam_tty

Malam Garba, taka lafiyarta ƙalau, abin da ka umarce ta ta yi. A ƙarƙashin systemd, halt na tsayar da komai ne ya bar wuta a kunne. `poweroff` ko `shutdown -P now` ne ke kashe wutar. A tsoffin tsarin da yawa halt ɗin ma na kashewa, shi ya sa hannu ya saba.

Garba_ICT

Allah ya saka da alheri, ta mutu murus.

virt_Maradi

Tunda an buɗe ƙofa: ga masu ɗauke da injinan KVM a kan sabar, mai yawan riƙe su shi ne libvirt-guests. In an saita shi ya kashe baƙin injina, kowanne yana da SHUTDOWN_TIMEOUT na daƙiƙa 300 a asali, kuma ɗaya bayan ɗaya ake bin su in ba a ƙara PARALLEL_SHUTDOWN ba. Inji huɗu da ba sa amsa siginar ACPI, minti 20 ke nan ana kallon allo. A Debian da Ubuntu fayil ɗin na /etc/default/libvirt-guests. Wani kuma shi ne unattended-upgrades, wanda ke da wa'adin minti 30 don ya ƙarasa girka fakiti. Shi wannan in ka gan shi a allo kada ka kuskura ka danne maɓalli, dpkg za ka bari a rabi.

dan_fagge

Na sa requires kamar yadda Injiniya ya ce, na kuma sa wa Docker After, don kwantena ɗaya na rubutu a foldar. Layin "A stop job" ya ɓace gaba ɗaya, yanzu cikin daƙiƙa kaɗan take kai wa layin "Reached target" na ƙarshe. Amma baƙin allon nan bai tafi ba. Har yanzu wani lokacin daga nan sai shiru, ba ta tashi. A journalctl kuma babu komai, log ɗin ya ƙare lafiya da "Journal stopped".

Malam_tty

To matsala biyu ce dama, ɗaya ta ɓoye a bayan ɗaya. Mutuwar sabar hawa uku ce. Na farko systemd na tsayar da sabis da sauke folda, shi ne wanda ka gyara, kuma shi kaɗai journalctl ke gani. Wannan hawan ma yana da iyaka, reboot.target na da JobTimeoutSec na minti 30, in ya cika ana tsallakewa da ƙarfi. Na biyu, systemd na miƙa wuri ga wani ƙaramin shiri, systemd-shutdown, wanda ke kashe duk abin da ya rage, ya zuba bayanai a faifai, ya sauke sauran folda, ya kashe swap, ya kwance LVM da RAID. A lokacin journald ya riga ya mutu, shi ya sa ba ka ga komai ba. Na uku kenel ce, tana bin na'urori ɗaya bayan ɗaya tana kiran direbobinsu su rufe, ta rubuta "reboot: Restarting system", sannan ta nemi allon uwa ya sake tashi.

Yadda za ka raba su, a lokacin da ba a amfani da sabar: tsayar da MariaDB da Docker da hannu, sauke /mnt/ajiya, buga `sync`, sannan `systemctl reboot --force --force`. Force biyu na tsallake hawa na farko da na biyu, kai tsaye zuwa kenel. In a haka ma ta maƙale, systemd ta fita daga zargi. Tunda ba kullum take yi ba, gwaji ɗaya ba hujja ba ce, sai an maimaita.

In kana zargin hawa na biyu, ƙirƙiri /usr/lib/systemd/system-shutdown/debug.sh mai layuka uku bayan layin #!/bin/sh: `mount -o remount,rw /` sai `dmesg > /shutdown-log.txt` sai `mount -o remount,ro /`. Ba shi izinin gudana da chmod +x. A layin kenel na GRUB ƙara `systemd.log_level=debug systemd.log_target=kmsg log_buf_len=1M printk.devkmsg=on`. Ana gudanar da fayil ɗin dab da miƙa wa kenel, don haka in bayan tashi ka tarar da /shutdown-log.txt na ranar, hawa na biyu ya kai ƙarshe.

Sadiq_Cloud

Ba sai an yi wannan dogon zagayen ba. Sa reboot=pci a GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT, `update-grub`, an gama.

Injiniya_Damagaram

Sadiq, yana iya zama shi ne, amma sai in layin ƙarshe a allo "reboot: Restarting system" ne. reboot= na canza hanyar da kenel ke bi ta taɓa allon uwa ne kawai, abin da ke zuwa bayan wancan layin. In ba a saita komai ba, a x86 tana fara gwada rajistar ACPI, in inji bai motsa ba ta koma kan mai kula da kibod, ta maimaita su biyun, sannan EFI, sannan BIOS. pci ba ya cikin wannan jerin, shi rubutu yake yi kai tsaye a mashigar 0xCF9. Akwai kuma wata hanyar mai suna triple. To in wani direba ne ya maƙale wajen rufewa, na katin RAID ko na netwok ko na NVMe, kenel ba ta ma kai inda reboot= ke aiki ba.

Gane wannan da sauƙi. Ƙara `initcall_debug ignore_loglevel` a layin kenel. Da su kowace na'ura sai an rubuta sunanta da kalmar "shutdown" kafin a kira direbanta. Wadda sunanta ya zo ƙarshe a allo ita ce mai riƙon.

Kuma gwada pci ba ya buƙatar taɓa GRUB. Tun kenel 5.11 akwai /sys/kernel/reboot/type, kai kuma 5.15 ko sama da haka kake da ita. `cat` ya nuna maka na yanzu, `echo pci > /sys/kernel/reboot/type` ya canza shi na tashi ɗaya. In ya yi aiki sai a mai da shi na dindindin.

Hajiya_root

Kafin a nutse cikin kenel, dan_fagge, minti nawa kuke jira kafin ku danne maɓalli? Sabar ta gaske ba kwamfutar tebur ba ce. Bayan ta sake tashi tana gwajin RAM da tada katin RAID, kuma wasu na ɗaukar mintuna allo na baƙi kafin tambari ya fito, musamman bayan an canza RAM ko an sabunta BIOS. Mutane da yawa a wannan lokacin suke kashe ta suna cewa ta maƙale.

Sannan ka ce allon baƙi yake yi, to ta yaya za ka karanta layin ƙarshen da Injiniya ke nema? Sabar na da BMC, ƙaramar na'urar da ke kan allon uwa wadda ake sarrafa sabar da ita daga nesa? Ko iDRAC ne ko iLO ko IPMI zalla, duk ɗaya. In tana da shi, jona mashigarsa a netwok, ka kunna tura allon rubutu ta siriyal a BIOS, sannan ka ƙara `console=tty0 console=ttyS1,115200` a layin kenel. Galibi COM2 ake ba BMC, shi ne ttyS1, amma duba abin da BIOS ɗinka ya ce. Saƙon kenel na zuwa duka biyun, na systemd kuwa na ƙarshen da aka rubuta yake bi. Daga wata kwamfutar sai `ipmitool -I lanplus -H adireshin_BMC -U sunanka sol activate`, ka haɗa da `tee` ya rubuta a fayil. Da haka za ka ga komai har layin ƙarshe, da farkon tashin BIOS in ya tashi. Duba `ipmitool sel list` ma, kurakuran RAM da na PCIe a nan ake rubuta su.

Ko ba komai, `ipmitool chassis power cycle` zai hutar da kai neman wanda zai je ya danna maɓalli da tsakar dare.

BabanAmira

In kana gabanta, riƙe maɓallan Alt da SysRq, sai ka danna R E I S U B ɗaya bayan ɗaya, umarni ne kai tsaye ga kenel. Ya fi danne maɓalli.

Ummi_dev

A Ubuntu rabinsu ne ke aiki. kernel.sysrq a can 176 ne, wato 128 da 32 da 16: sake tashi, mai da faifai na karatu kawai, da zuba bayanai. S da U da B ke nan. R da E da I sai an ɗaga ƙimar. Ta /proc/sysrq-trigger kuwa babu wannan shingen, root na iya tura kowanne, kuma `echo w > /proc/sysrq-trigger` na zuba jerin duk ayyukan da ke yanayin D a dmesg tare da inda kowanne ya tsaya. Don a samu inda za a buga shi bayan SSH ya yanke, `systemctl enable debug-shell` na buɗe taminal ɗin root a tty9, can ma za ka iya `systemctl list-jobs` ka ga mai jira da wanda ake jira. A kashe shi da an gama bincike, don babu kalmar sirri a kansa. Ctrl da Alt da Del fiye da sau 7 cikin daƙiƙa 2 ma na sa systemd ta tsallake jira. Duk waɗannan a hawa na farko suke da amfani. In kenel ta riga ta rufe USB, kibod ɗin ma ya mutu.

kwantena_kano

Ai systemd na da agogon gadi (watchdog) mai sake tada inji in ya maƙale, don irin wannan, RebootWatchdogSec, minti 10 ne a asali. Me ya sa bai tashe ta ba?

Malam_tty

Sai da /dev/watchdog yake aiki, kuma fakitin kenel na Ubuntu na hana direbobin watchdog lodawa da kansu. Buga `wdctl`, mai yiwuwa ya ce babu na'ura. A allon Intel iTCO_wdt ne, a na AMD sp5100_tco, ko ipmi_watchdog in akwai BMC. Sa sunan a /etc/modules-load.d ba ya wadatarwa don systemd-modules-load na mutunta jerin hanin, sai dai ƙaramin sabis da ke kiran modprobe kai tsaye. Ko an loda shi, direbobi da yawa na tsayar da agogon da zarar kenel ta fara nata hawan, sai an sa `watchdog.stop_on_reboot=0`. Yana da kyau a samu, amma ceto ne kawai, ba zai gaya maka abin da ya riƙe ta ba.

virt_Maradi

Bari in dawo da mu kan NFS, don ban yarda an gama da shi ba. Gyaran Injiniya na aiki ne in ramin na raye a lokacin da aka fara kashewa. Yaushe aka fi kashe sabar a wurarenmu? Lokacin da wuta ta ɗauke, batirin UPS ya yi ƙasa, NUT, shirin da ke sa ido a kan UPS, ya ba da umarni. A lokacin rauta ko eriyar intanet ko ita kanta NAS ɗin a can ofishin sun riga sun mutu. wg0 na nan a tsaye amma ba abin da ke wucewa, umount zai sake zama kamar da, kuma yanzu batir ne ke lissafi. Minti huɗu ko biyar na jira sun isa UPS ya yanke kafin a sauke faifan cikin gida.

Shawarata a sa soft,timeo=100,retrans=2, ta haƙura ta mayar da kuskure.

Injiniya_Damagaram

soft a foldar da ake rubuta bakof? A'a. Da soft, in layi ya yi tangarɗa na rabin minti, kenel na mayar wa shirin da kuskuren EIO, kuma ba kowane shiri ke duba sakamakon close ko fsync ba. Sai a wayi gari da fayil ɗin bakof mai suna daidai, cikinsa da giɓi, ba a sani ba sai ranar da aka zo mayarwa. Littafin jagorar nfs kansa ya yi gargaɗi a kan haka. A foldar karatu kawai ba ni da ja.

Abin da zan yi: a bar hard, a ƙara `x-systemd.automount,x-systemd.idle-timeout=60`. Foldar ba za ta jonu ba sai an taɓa ta, kuma bayan daƙiƙa 60 ba mai amfani da ita ta sauka da kanta. Bakof na dare ne, don haka mafi yawan yini babu NFS ɗin da zai riƙe kowa. Sai `systemctl edit mnt-ajiya.mount`, a sashen Mount a sa `TimeoutSec=20` da `ForceUnmount=yes` da `LazyUnmount=yes`, don ranar da aka yi rashin sa'a jiran ya gajarta.

kwantena_kano

idle-timeout ba zai taɓa cika ba muddin kwantenar nan na riƙe da foldar dare da rana. Sai an cire ta daga can tukuna.

Hajiya_root

Ni tambayata ita ce me ya kawo NFS cikin maganar tun farko. NFS an yi shi ne don injinan da ke kusa, layi mai ƙarfi. Bakof zuwa wani ofishi ta intanet aikin rsync ne a kan SSH, ko borg, ko restic. Kwantenar ta rubuta a faifan cikin gida, da dare a tura. Layi ya yanke, shirin ya fita da kuskure, gobe ya ci gaba daga inda ya tsaya, kuma babu abin da ke shiga yanayin D tunda kenel ba ta riƙe da wata folda ta nesa.

Sadiq_Cloud

Wannan kam na yarda da Hajiya.

Injiniya_Damagaram

In NAS ɗin na karɓar SSH kuma faifan cikin gida na da wurin ɗaukar kwafin dare guda. Ba kowace ke da su ba.

dan_fagge

Tana karɓar SSH, amma wurin ne matsala, faifan ya cika kashi 80 cikin 100. Zan duba ƙara wani.

Ga sakamakon BMC. A ranar da ta maƙale, duk layukan "shutdown" na na'urori sun wuce, na ƙarshe "reboot: Restarting system", daga nan ba abin da ya ƙara fitowa ta siriyal har bayan minti 20. `chassis status` na cewa wuta a kunne take, `sel list` babu sabon abu. /sys/kernel/reboot/type na nuna acpi. BIOS ɗin kuma na 2019 ne, ba a taɓa sabunta shi ba.

Sadiq_Cloud

Ai na faɗa. pci.

Hajiya_root

Gwada shi ta /sys, ba ya cin komai. Amma inji da ke tashi wata rana ya ƙi wata rana a hanya ɗaya, ni BIOS nake zargi kafin hanyar. Karanta bayanan sabuntawar da masu ƙera ta suka fitar daga 2019 zuwa yau ka ga ko an ambaci maƙalewa wajen sake tashi. In za ka sabunta, bi jerin da suka rubuta, galibi BMC ne farko sannan BIOS, kuma kada ka fara sai UPS na cike da caji da janareta a kunne.

Malam_tty

Duba /sys/kernel/reboot/mode ma, ka rubuta abin da ke ciki kafin ka taɓa type. Da pci, cold na sa a rubuta 0x0E a 0xCF9, wanda ke ɗauke wa allon wuta na ɗan lokaci, warm kuma 0x06 ne, ba a ɗauke wutar. Katin PCIe da ya rikice sau da yawa sai da na farkon yake dawowa hayyacinsa. Ka canza abu ɗaya a kowane gwaji, ka bar siriyal ɗin na rubutu a fayil. Wane katin RAID ne a ciki, kuma akwai wani kati da aka ƙara bayan an sayo ta? Kawo mana `lspci -nn`.